Wa ke riƙe da lissafin fanshonka?

 Gaisuwa ga mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kebbe da Kuchi, musamman ma'aikatan da suka fara ƙirga shekarun da suka rage musu kafin ritaya. Yau batun fansho za mu taɓa, amma ta ɓangaren mai karɓar haraji.

Me ya haɗa shi da fansho? Abin da ma'aikaci ya zuba a asusun fanshonsa, gwamnati ba ta cire masa haraji a kai. Rangwame ne aka yi don mutane su tanadi abin da za su ci idan ƙarfi ya ƙare. To, duk inda aka yi rangwame, ba a rasa mai son ya kwashi fiye da rabonsa. Shi ya sa hukumomin haraji ke sa ido, kowace ƙasa da irin nata salon.

Mu fara leƙa Birtaniya. A watan Afrilun 2006 suka sa iyaka ga jimillar abin da mutum zai tara na fansho tsawon rayuwarsa ba tare da ƙarin haraji ba: fam miliyan 1.5. Iyakar ta hau har miliyan 1.8, aka yi ta rage ta, ta dawo miliyan 1 a 2016, daga baya ta tsaya a fam 1,073,100. Wanda ya zarce, idan a dunƙule ya karɓi rarar, hukumar harajinsu, HMRC, ta ɗauke kashi 55 cikin 100.

A lokacin, yaya ake gane mutum ya zarce, alhali ya yi aiki a wurare huɗu ko biyar, kowanne da asusunsa? Za ku ɗauka akwai wata ƙatuwar kwamfuta a Landan da ke tara lissafin kowa. Ba haka aka yi ba. Ranar da mutum ya zo karɓar kuɗi daga wani asusu, ranar ake auna shi. Masu kula da asusun su lissafa kashi nawa na iyakar ya cinye, su rubuta masa a takarda. A ce a 2016 ya karɓi abin da ya kai fam 400,000, sai a rubuta kashi 40, saura 60. Da kaso ake rubutawa saboda iyakar kanta tana sauyawa. Idan ya je asusu na biyu, tambayar farko ita ce: ina takardar can? Su kuma asusun a lokacin suna kai wa HMRC rahoton wanda ya haura, da lambarsa ta inshorar ƙasa. Wanda fanshonsa na wata-wata ne bisa albashi, sai a ninka abin da zai riƙa karɓa a shekara sau 20. Likita mai fanshon fam 50,000 a shekara ke nan ya riga ya taɓa miliyan 1. Manyan likitoci suka riƙa ajiye aiki da wuri don gudun harajin, asibitoci suka koka. A watan Maris na 2023 ministan kuɗi Jeremy Hunt ya sanar da janye harajin, aka soke iyakar baki ɗaya ranar 6 ga Afrilun 2024. Amma an bar wata: abin da mutum zai karɓa a dunƙule babu haraji ba zai wuce fam 268,275 ba, don haka har gobe ana tambayar takarda.

Mu dawo gida. A Najeriya babu dokar da ta ce ga iyakar abin da za ka tara har ka yi ritaya. Duk wanda ya taɓa fitar da zakkar kuɗi ya san abu biyu ake dubawa, nisabi da cikar shekara. Turawan Ingila yawan kuɗin suka sa wa ido, mu kuwa a nan lokaci ake dubawa.

Tsarin da ake kai yanzu ya faro ne da dokar 2004, zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014, Jonathan ya sa hannu ranar 1 ga Yuli. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a labarin, domin Aminu Waziri Tambuwal, ɗan majalisar mazaɓar Kebbe da Tambuwal a lokacin, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai da dokar ta wuce. Ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ba kowa ta shafa ba. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi a nan, galibi abin da suka sani shi ne garatuti da fanshon wata-wata da layin tantancewa. Amma ɗan sanda a caji ofis na Kebbe, da malama a Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal, da ma'aikacin banki, kowannensu na da asusu da sunansa, da lamba guda wadda ta fara da PEN, wadda zai mutu da ita ko da ya sauya wurin aiki ko kamfanin fansho.

Inda haraji ke shigowa shi ne ƙarin da mutum ya zuba don raɗin kansa. A ce malamar nan ta nemi a riƙa cire mata ƙarin naira 10,000 duk wata. Kowace dubu goma da ta shiga, da ranarta a rubuce. Sashe na 10 na dokar ya ce idan ta cire kafin kuɗin su shekara biyar, ribar da suka haifar sai an cire mata haraji. Na watan Maris ɗin 2022 sai Maris ɗin 2027 za su kuɓuta, na Afrilu su jira Afrilu. Kuma ba jami'in haraji ne zai biyo ta gida ba. Kamfanin fanshon ne zai zare harajin kafin ta ji alat, a tura wa hukumar harajin jihar da take zaune, wato ta Sakkwato.

Wannan ƙofa ce wasu masu manyan albashi suka gano, yawanci a Legas. Sai mutum ya tura babban kaso na albashinsa a matsayin ƙarin fansho, haraji bai taɓa shi ba, bayan ɗan lokaci ya je ya kwashe abinsa. Ribar da za a cire wa haraji ba ta taka kara ta karya ba, uwar kuɗin kuwa ta tsallake. A watan Agustan 2017 hukumar harajin Legas da hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, JTB, suka fito suka ce ba su yarda ba, har JTB ta ce ƙarin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Kafin shekarar ta ƙare hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta raba ƙarin gida biyu: rabi a kulle sai ritaya, rabi a iya cirewa sau ɗaya a shekara biyu. Ƙa'idar cirewar ta sha gyara daga baya, don haka mai niyya ya tambayi kamfaninsa abin da ake ciki yau.

A ganina namu tsarin ya fi sauƙin bi, tunda ba a ɗora wa tsoho ajiyar takardun shekara ashirin ba. Rauninsa a wani wuri yake: sunan da ke jikin lambar PEN. A takardar ɗaukar aiki Muhammadu, a katin ɗan ƙasa Mohammed, a banki Muh'd, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Wasu ma lamba biyu suke da ita, domin wakilan kamfanoni biyu sun same su a ofis, kowa ya cika musu fom. Don haka ne PenCom ta sabunta rajistarta a 2019, ta ce waɗanda suka yi rajista kafin nan su koma a sake ɗaukar bayanansu, a haɗa da lambar katin ɗan ƙasa, NIN. Wanda bai yi ba, ranar da ya zo karɓar haƙƙinsa zai ji an ce bayanai ba su dace ba, ya shiga zirga-zirga tsakanin Kebbe da Sakkwato da kuɗin motar da ba shi da su.

Ga kuma sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, masu aiki daga Janairun 2026. Naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kansu, abin da aka zuba a fansho na nan cikin rangwame, lambar NIN kuma ita ce tushen lambar harajin mutum. Ke nan lambar da kamfanin fansho ke nema ita ce mai haraji ke nema, kuskuren harafi ɗaya a jikinta zai iya tsayar da mutum a ofis biyu.