Ku Kulle Wayfai Ɗinku Kamar Yadda Kuke Kulle Rumbu

Jama'a, yanzu a Mairuwa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wasu masu POS da masu shago suna da 'yar na'urar raba intanet. Sunanta rauta. Wasu kuma da wayar hannu suke raba wa iyali data. Wannan rabo ta iska shi ake kira wayfai.

Wayfai kamar muryar rediyo yake, yana ratsa katanga. Wanda ke zaune a ƙofar gidanka zai iya kama shi. In babu makulli, sai ya shanye datar da ka saya da guminka. Mugu mai wayo kuma yana iya leƙa wasu saƙonninka.

Makullin wayfai yana aiki ne kamar zaurance. Yakan hargitsa saƙo kafin ya tashi. Na'urar da aka ba lambar sirri ita ce za ta warware shi.

Makullan iri-iri ne. Akwai tsoho mai suna WEP, na shekarar 1997. Tun 2001 masana suka gano yadda ake karya shi, don haka a guje shi. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Waɗannan biyu su ne masu ƙarfi.

Ga abin da za ka yi:

1. Duba takardar da ke manne a jikin rauta. Akwai adireshin shiga, kamar 192.168.0.1. Rubuta shi a inda kake buɗe intanet a wayarka.

2. A wurin tsaro, zaɓi WPA2 ko WPA3. Mai raba data da wayar hannu ma ya yi haka.

3. Sauya lambar sirrin wayfai. Ba a karɓar ƙasa da haruffa 8, amma 12 sun fi. Gauraya haruffa da lambobi. Kada ka sa 12345678, ko lambar wayarka, ko sunan ɗanka.

4. Sauya lambar shiga cikin rautar ita ma, domin ta kamfani sananniya ce.

5. In yaron shago ya bar aiki, ko ka ga data na saurin ƙarewa, sake sabuwar lamba.

In abin ya yi maka wuya, nemi amintacce ya nuna maka. Amma lambar sirri, kai za ka sa da hannunka. Rigakafi ya fi magani.