Kiɗan Doguwar Hanya: Daga Autobahn Zuwa Titin Shuwarin

Matafiyin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil zuwa Dutse, ko ya zarce ta Shuwarin ya nufi Azare da Potiskum, da wuya ya sauka ba tare da kiɗa ya rako shi ba. Tun zamanin kaset direbobi sun san waƙar da ke rage nisan tafiya, sun kuma san wadda ke gundura tun ba a fita gari ba. Tambayar da ta kamata manazarta su yi ita ce, mene ne a cikin ginin kiɗa yake sa ya dace da hanya? Wasu makaɗan Jamus ta Yamma sun fuskanci wannan tambaya gadan-gadan, kuma amsar da suka bayar tana da amfani ga mai nazarin kiɗan Hausa.

Waɗannan makaɗa matasa ne da suka gaji da kwaikwayon Amurka da Ingila. Ƙungiyar Can ta kafu a birnin Kolon a 1968, sannan Kraftwerk a 1970 da Neu! a 1971, su biyun a Dusseldorf. 'Yan jaridar Ingila suka laƙaba wa salon nasu "Krautrock", suna mai ɗauke da ba'a, domin kraut kabeji ne, kuma da shi ake tsokanar Jamusawa. Ginshiƙin salon shi ne wani bugun ganga da aka sa wa suna "motorik", wanda aka fi danganta shi da Klaus Dinger na Neu!. Bugu ne huɗu-huɗu, ba ya ƙara sauri, ba ya lafawa, ba ya kuma sauyawa. A kiɗansu "Hallogallo" na 1972, kimanin minti goma ake yi a kan wannan bugu ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba. Amon jita ne kawai ke zuwa yana wucewa a kansa, kamar yadda itatuwa ke giftawa ta tagar mota. Kraftwerk kuwa, a "Autobahn" na 1974, sun shafe fiye da minti 22 suna siffanta tafiya a babban titin ƙasarsu, har da ƙarar tayar da inji da odar motoci.

Wanda ya saba da kiɗan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba zai ji wannan dabara baƙuwa ba. Kalangai sukan kama kiɗa guda su riƙe, 'yan amshi suna maimaita gajeren gindin waƙa, shi kuwa jagora yana zubo ɗiya ɗaya bayan ɗaya muddin yana da abin faɗi. Watau waƙar ba ta gaggawar kai wa wani ƙarshe da aka tsara mata, kuma wannan shi ne halin doguwar hanya. Ga alama wannan na cikin dalilan da suka sa direbobi suka rungumi Shata, shi ma ya waƙe su, kamar a "Bawa Direba".

Amma akwai bambanci, kuma ba na ado ba ne kurum. Maimaici yana kwantar da hankali, wani lokaci ya wuce gona da iri ya jawo gyangyaɗi, wanda a miƙaƙƙen titi cikin dare rayuka yake ci. Bugun Dinger bai tanadi wani maganin wannan ba. A kiɗan Hausa kuwa maimaicin yana ƙasa, magana tana bisa: ga sunayen mutane da garuruwa, ga kirari da zambo, ga kalangu kansa da ke bin karin sautin harshe yana magana. Kunnen direba yana da abin bi, yana jiran abin da za a ce nan gaba.

Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Autobahn ba ta da kasuwa a bakinta, ba a kora shanu a kanta. Direban da ya doshi Shuwarin ranar kasuwa kuwa cikin jama'a yake tuƙi. Saboda haka inda Jamusawa suka waƙe inji da kwalta, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa yaron da ke bayan mota ya duba, ya yi masa "Waƙar Karen Mota".