Fitilar taya da sanyin asuba

A tsakiyar watan Janairu, ranar da hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen layinmu, na fito wajen ƙarfe bakwai zan kai yara makaranta. Ina tayar da mota, fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya kamar yadda suka saba, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai guda ta ƙi. Ruwan ɗorawa ce, siffarta kamar 'yar tukunya mai faɗin gindi da alamar motsin rai a tsakiya. Na sauka na zaga motar, na daddanna tayoyin da ƙafa, babu wadda ta kwanta. Da rana ta ɗaga fitilar ta mutu da kanta. Washegari da safe ta dawo.

Bayan azahar na tsaya wurin mai facin da na saba da shi. Ya leƙa ta taga, ya ce, "Yallaɓai, rabu da ita, sanyi ne. Duk motocin Amurka haka suke in hunturu ya kama." Na ce ya daure ya auna. Ya ɗora geji, biyu suka nuna 26, biyu 27. A jikin ƙofar direba kuwa, takardar da kamfani ya manna 32 ta ce. Tun ba a kai ga sanyi ba, ashe na kwashe makonni ina yawo da iyalina a kan tayoyin da ba su ƙoshi ba.

Rabin maganar mai facin gaskiya ce, kuma kimiyya tana bayansa. Iskar da ke cikin taya ba a zaune take ba. Ƙwayoyinta, waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin gudu suke suna dukan robar ta ciki, kuma wannan dukan ne ke tsayar da taya har ta ɗauki nauyin mota. In sun ji zafi sai su ƙara sauri, duka ya yi ƙarfi. In sanyi ya kama su sai jikinsu ya mutu, taya ta yi laushi ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Wani masani Bafaranshe, Guillaume Amontons, ya lura da wannan alaƙa tsakanin zafi da ƙarfin iskar da aka kulle tun farkon shekarun 1700, kusan ƙarni biyu kafin a ƙera mota. A tayar ƙaramar mota lissafin ba wuya: duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas, taya na rasa kusan psi 1, wato lamba ɗaya a gejin mai faci.

A ƙasashen dusar ƙanƙara abin shekara-shekara ne. Mutumin Toronto ko Shikago da ya sa iska 32 a gareji mai ɗumin digiri 20, in ya kwana da motar a waje sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, da safe 26 zai tarar. Shi ya sa daren farko na sanyi mai tsanani, a ƙarshen kaka, yake cika shagunan taya da masu ƙorafi iri ɗaya. Namu sanyin bai kai can ba, amma tazarar dare da rana a hunturu ba ƙarama ba ce. A Kano rana kan kai digiri 30, asuba ta sauko 12 ko 13, a Jos ma ta fi haka sauka. Wannan kaɗai ya isa ya cinye kusan lamba 3. Tayata mai 26 da azahar, da asuba ta faɗo ƙasa da 24, lambar da ke kunna fitilar. In an ɗan yi tafiya roba ta ɗumama, ko rana ta fito, sai lambar ta hau, fitila ta mutu, direba ya ce ai dama ƙarya take.

Lambar nan 24 tana da tarihi, kuma tarihin da jini aka rubuta shi. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi ta samun haɗurra a Amurka da motar Ford Explorer mai tayoyin Firestone: ana cikin gudu sai fatar taya ta sama ta ɓare, mota ta ƙwace ta wuntsila. Galibin haɗurran a jihohi masu zafi suka faru, irin su Texas da Florida, an kuma ga irinsu a Saudiyya da Benezuwela. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka kuma ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Kamfanonin biyu suka yi ta jifan juna da laifi. Akwai aibi a ƙirar tayar, amma ƙarancin iska ya shiga cikin maganar, domin Ford 26 ya ce a sa, Firestone ya ce 30 ya kamata. A watan Nuwamban shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira TREAD. Daga 1 ga Satumban 2007, duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da na'urar da ke lura da iskar taya, wato TPMS. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta a kan duk sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Kafin nan kayan alatu ce, Porsche 959 ta 1986 ce ta fara zuwa da ita. Motocin da ake sauke mana a Legas da Kwatano da wannan doka a jikinsu suke isowa.

Ga abin da nake so kowane direba ya riƙe. Ƙa'idar Amurka ta ce fitilar ta kama in iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 na abin da kamfani ya rubuta. Kashi ɗaya cikin huɗu na 32 shi ne 8, saura 24. Tayar da take cike yadda ya kamata, sanyin Kano ba zai iya kai ta can ba, iyakarsa ya mayar da ita 29. Duk wanda fitilarsa ta kama a hunturunmu, tayarsa ta daɗe da ramewa, sanyi ƙarasa ta kawai ya yi. Ko ba ƙusa, lafiyayyar taya kan zubar da kusan lamba ɗaya a wata ta jikin robar kanta. Kuma ido ba ya kama wannan, don tayoyin zamani ko sun rasa lamba 6 ko 7 a tsaye za ka gan su. Dannawa da ƙafa da ƙwanƙwasawa da ƙarfe, duk ba su faɗin komai.

Haɗarin ba da asuba yake zuwa ba. Da rana yake zuwa, a kan kwalta mai zafi, tsakanin Zariya da Kaduna, mota cike da mutane da kaya. Taya mai ƙarancin iska gefenta na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana so a tsinka. Zafi na taruwa a ciki har roba ta rabu da zaren ƙarfen da ke riƙe da ita. Wannan ne ya sa al'adar wasu direbobinmu ta rage iska in za a yi doguwar tafiya da bazara, wai kada zafi ya fasa taya, take tayar min da hankali. Abin da suke gudu shi suke kira. Ga kuma asarar mai, ga gefunan taya da ke cinyewa tun tsakiya da sauranta.

Fitilar iri biyu take magana. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta yi ƙasa. In ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta tsaya, na'urar ce ta samu matsala. A yawancin motocin Amurka akwai ɗan ƙaramin ma'auni a gindin bawul, ta cikin taya, da batir ɗinsa a rufe wanda ba a canzawa, yana yin shekara 5 zuwa 10. Motar 2010 da ta iso mana yau, da wuya batir ɗin nan ya rage da rai. Wani lokaci kuma libar mai faci ce ke fasa shi wurin cire taya, a jefar, a sa bawul na roba, ba a ko gaya wa mai mota ba. Na shiga motocin haya da aka liƙe fitilar da baƙin salatif. Ban ga laifin wanda ba shi da kuɗin sabon ma'auni ba, amma wanda ya rufe fitila ya ɗauki aikinta a wuyansa, sai ya riƙa aunawa da hannu.

Geji na aljihu bai kai kuɗin cika tanki ba. A auna da safe kafin a motsa mota, ko bayan ta huta awa uku, aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma duk ranar da za a kama hanya. Lambar da za a bi ita ce ta jikin ƙofar direba, wasu motocin kuma a murfin tankin mai take. Wadda ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da robar za ta iya ɗauka ce, kuma ita ce masu faci da yawa ke dubawa su ɗura wa ƙaramar mota 45 ko 50. Irin wannan taya tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, birki ba ya kamawa sosai, rami ɗaya na iya kumbura gefenta, fitilar kuma a mafi yawan motoci ba ta cewa uffan a kan iskar da ta yi yawa.

In an cika tayoyi daidai, bayan kwana biyu guda ɗaya ta sake sauka ita kaɗai, to wannan ba hunturu ba ne, domin sanyi duka huɗun yake taɓawa tare. A shafa ruwan sabulu a bakin bawul da inda roba ta haɗu da ƙarfe, a juya tayar a hankali ana duba ƙusa. Tawa ta baya ta hagu haka ta yi a makon da ya biyo. Mai facin ya ɗiga ruwan kumfa a kan bawul, muka tsuguna muna kallo, sai ga 'yan ƙananan ƙwai suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, wannan kam ba sanyi ba ne," ya miƙe ya ɗauko jak.