Maganin Ciwon Hanji Na Crohn Da Lafiyar Hanta

A shekarar 1932 ne Likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana wani ciwon hanji a birnin New York, wanda har yau ake kira da sunansa. Ciwon yakan kumbura hanji, ya haddasa zawo da murɗar ciki da rama, domin garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa hanjinsa.

A 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da infliximab, wanda ake ɗurawa ta jijiya, sa'an nan a 2007 ta ƙara da adalimumab. Daga ƙwayoyin halitta masu rai ake haɗa su, aikinsu kuwa shi ne danne wani sinadari mai suna TNF da ke rura kumburin. Mutane da dama sun sami sauƙi ƙwarai.

Amma fa wani lokaci hanta takan ji jiki. A 2004 aka ƙara gargaɗi a takardar infliximab, bayan hantar wasu majinyata ta lalace, har wasu suka rasu. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma hanyoyinsa biyu ne. Ta farko, maganin kan sa garkuwar jiki ta kumbura hantar, galibi cikin watannin farko. Ta biyu, idan ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana kwance a jiki, sai ta farka da zarar garkuwa ta yi rauni.

Ta biyun ce ta fi shafar waɗanda aka haifa a Afirka ta Yamma, ko da a Ingila ko Amurka suke zaune yanzu, saboda ƙwayar ta yawaita a yankin, kuma mutum yakan ɗauke ta tun yana jariri bai sani ba. Don haka wajibi ne a auna jini kafin a fara maganin. In an same ta, akwai magunguna irin su tenofovir da ke hana ta tashi.

Wanda ya ga idonsa ya yi rawaya, watau shawara, ko fitsarinsa ya yi duhu, to ya garzaya asibiti, kada ya tsaya shan jiƙo. In an tsai da maganin da wuri, yawanci hantar takan warke.