Git da Ladabin Aiki Tare ga Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ya shiga neman ilmin rubuta manhajar kwamfuta, ba ya daɗewa sai ya tarar da cewa manhajar da jama'a suke dogara da ita, kamar ta banki ko ta wayar hannu, aikin mutane da yawa ce waɗanda suke gyara nassi guda a lokaci guda, wannan yana ƙari, wancan yana ragi, alhali galibinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. To, ta yaya za a san wanda ya sauya wani abu, da lokacin da ya sauya shi, da hujjarsa, kuma idan gyaran ya zo da ɓarna ta ina za a koma ga asali?

Mas'alar tsohuwa ce. Tun a 1972 Marc Rochkind ya tsara manhajar adana tarihin gyare-gyare mai suna SCCS a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, inda mutum yakan kulle fayil har ya gama, sauran suna jira. Daga baya CVS da Subversion suka zo da taska guda a tsakiya wadda kowa yake komawa gare ta. Amma wanda ya rinjaya a yau shi ne Git, kuma larura ce ta haife shi, domin a 2005, da aka janye izinin amfani da irin wannan manhaja mai suna BitKeeper kyauta daga masu aikin manhajar Linux, sai jagoransu Linus Torvalds ya zauna a watan Afrilu ya rubuta nasa, sa'an nan a watan Yuli ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano.

Ga yadda yake aiki. Duk sa'ad da mai rubutu ya kammala wani gyara, sai ya yi abin da suke kira komit, watau ajiya mai ɗauke da surar aikin baki ɗaya a wannan lokaci, da sunan mai gyaran, da sa'ar da ya yi, da taƙaitaccen sharhi, da kuma lambar ajiyar da ta gabace ta. Lambar nan, mai haruffa da alƙaluma 40, daga abin da ke cikin ajiyar ake lissafo ta, saboda haka wanda ya taɓa tsohuwar ajiya ko da da harafi ɗaya, lambobin duk waɗanda suka biyo bayanta sai sun sauya. Wanda ya karanci ilmin hadisi zai tuna da isnadi, inda kowane mai ruwaya yake ambaton wanda ya karɓa daga gare shi. Sai dai malamai sun bi diddigin adalcin mazajen isnadi, shi kuwa Git yana karɓar duk sunan da aka rubuta masa, in ba an sa hannu da mabuɗin sirri ba.

Kowane ma'aikaci yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa, abin da yake rahama ce ga wanda intanet yake yanke masa. Yakan buɗe reshe ya yi aikinsa can, in ya gama a haɗe shi da uwar aikin. Idan mutum biyu suka sauya layi guda, Git yakan tsaya ya nuna saɓanin, ya bar musu hukunci. A ganina ba nan haɗarin yake ba, ko da yake nan ne sababbin ɗalibai suke firgita. Haɗarin yana inda na'ura ba ta ga saɓani ba: wani ya sauya sunan wani aiki a fayil ɗaya, abokinsa kuwa ya kira shi da tsohon sunan a wani fayil, haɗewa ta tafi lami lafiya, manhaja kuma ta ƙi tashi, domin Git layuka yake gwamawa, bai san ma'ana ba.

Wannan ne ya wajabta bitar juna kafin haɗewa, wadda dandalin GitHub, da aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, ya sauƙaƙa ta ƙwarai. Ladabin abin shi ne mutum ya kawo gyara kaɗan kaɗan yadda ɗan'uwansa zai iya karantawa a zama ɗaya, ya bayyana a sharhinsa dalilin gyaran, tun da abin da ya sauya a fili yake, kuma kada ya sake fasalin tarihin da wasu suka riga suka ɗora aikinsu a kai. Haka nan ya kiyayi sanya kalmar sirri a cikin ajiya, domin ko ya goge ta gobe tana nan a tarihi da kwamfutocin duk waɗanda suka kwafa, kuma babu magani illa a soke ta nan take a sauya wata.