Bagega: Gubar Dalma da Masu Bin Sawun Kuɗi

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara suka ga agwaginsu na ƙarewa, amma mutuwar tsuntsu ba ta tayar da hankalin kowa a karkara. Sai abin ya koma kan yara. Yaro zai kwana lafiya, ya tashi da amai da ciwon ciki, jijjiga ta biyo baya, kafin a ankara an yi masa sutura. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. A watan Maris na wannan shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da lamarin. Da aka auna jinin yaran a Turai, sai aka gano gubar dalma ce.

Tushen abin zinare ne. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashinsa ya yi ta hawa, manoman da gona ba ta riƙe su zuwa ƙarshen rani suka koma haƙa. Sai dai dutsen da ke ɗauke da zinare a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa ƙwarai. Maza su haƙo dutse, su kawo shi gida a buhu. Mata su farfasa, su daka a turmi, a kai wa mai injin niƙa, irin injin da ake niƙa gero da dawa, sannan a wanke garin, a shanya a tsakar gida. Ƙurar da ke tashi ba ta da wari, kamanninta kuma ba su bambanta da ƙurar da aka saba shara kullum ba. Tana sauka a kan tabarma, da bakin randa, da tuwon da aka ajiye.

Babba ma yana cutuwa, amma ƙaramin yaro ne abin ya fi ci. Shi ke rarrafe a ƙasa, shi ke sa hannu a baki, kuma hanjinsa na tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke girma. Masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yar Galma, suka ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ya ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren Zamfara an samu sama da 100,000. Yaran da suka mutu sun kai 400 a ƙalla, dubbai kuma suka kamu, wasunsu suka rayu da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Akwai maganin da ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma in aka yi wa yaro magani aka mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar, an yi aikin baban giwa. Dole a fara da ƙasa: a kankare saman ƙasar kowane ɗaki da kowace tsakar gida, a kwashe a binne a rami nesa da gari, a zubo sabuwa mai tsabta. Haka kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka yi tare da mutanen gari a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, ciki har da Abare da Sunke da Tungar Daji.

Bagega ce aka bari. Ta fi sauran girma, ita ce kuma cibiyar niƙan dutse a yankin, kuɗin da ke hannu bai isa ba. Likitoci na ganin yara kusan 1,500 cikin haɗari, ga magani a hannunsu, amma ba damar farawa. A watan Mayun 2012 aka yi taro a Abuja, aka nemi gwamnatin tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta yi alkawari. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, ko kwabo bai isa Bagega ba.

A nan ne wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka shigo. Ba likitoci ba ne, ba su da muƙami. Suka je Bagega da ƙafarsu, suka zauna da iyaye da masu unguwanni, suka ɗauki hotuna da muryoyi, suka dawo suka baza a Twitter da Facebook da taken #SaveBagega. Sunan da suka sa wa yunƙurin nasu, Follow The Money, ma'anarsa bin sawun kuɗi, kuma shi ne ainihin dabararsu. Maimakon kukan an yi watsi da talaka, wanda kowane ofishi ya saba ji, sai suka riƙe tambaya guda: kuɗin da aka ambata a gaban jama'a, a teburin wa suke yanzu? Tambaya ce da ba a iya amsa ta da jaje. Ƙungiyar Human Rights Watch da MSF suka ƙara matsa lamba, Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya je garin da kansa. A ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗi. Kafin shekarar ta ƙare an kankare Bagega, an fara yi wa yara magani.

A ganina, in ana ba da labarin nan akan tsaya kan wayoyin salula da Abuja, a manta da rabin aikin da aka yi a cikin gari. Samarin ƙauye ne suka riƙe shebur da baro. Sarakuna da hakimai da dagatai ne suka sa baki aka fitar da injinan niƙa bayan gari, su ne kuma suka sa magidanci ya yarda baƙi su shiga cikin gidansa har ɗakin matarsa, abin da ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyaye mata ne suka daina dakan dutse, alhali da shi suke samun na sabulu da na gishiri, suka jure watanni suna kai yara karɓar magani. Mai haƙa kuwa ba a iya cewa ya bari, domin da shi yake ciyar da gidansa. Abin da ya karɓu shi ne a nuna masa yadda zai jiƙa dutse kafin niƙa don ƙura ta kwanta, ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2015 gubar ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28 a Shikira da ƙauyukan kusa, aka sake jiran kuɗin gyara, matasan nan suka sake bin sawu. A Zamfara kuwa, gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a watan Afrilun 2019, ba don dalma ba, sai don ta'asar 'yan bindiga, wadda ta sa zuwa ƙauyukan ma ya zama da wuya. A 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jihar bayan fiye da shekara goma sha ɗaya. Jariran da suka tsira a Dareta da 'Yar Galma yanzu samari ne da 'yan mata, kuma ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa tun ana goye ba ta gyaruwa.