Me Ke Cikin Tukunyar Mai Abinci?

Wani ɗan'uwana da ke aiki a Abuja ya zo Kafanchan hutun Kirsimeti da sabon salon cin abinci. Ya bar tuwo, wake, gyaɗa, nono da sukari, sai nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace. Wai cimar mutanen zamanin dutse ke nan, wadda Turawa ke kira Paleo, da littafin Loren Cordain na 2002 ya yayata. Da yamma muka tsaya wurin mai tsire a hanyar Kagoro, ya ce a barbaɗa masa yaji sosai. Sai da ya suɗe takarda na tambaye shi ko ya san da me ake shafe tsire. Ƙuliƙuli ne. Gyaɗar da ya rantse ya bari ita ce ta lulluɓe kowace tsoka.

Shi ne kuma tun safe yake karanta mana saƙonnin WhatsApp kan gubar da ake zuba wa mutane a gidajen abinci. Wasu gaskiya ne, wasu ƙanzon kurege.

Shinkafar roba tana cikin kashi na biyu. A Disamba 2016 jami'an kwastam a Legas suka ce sun kama buhu 102 nata, ƙasa ta ɗauka. Ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya fito ya ce gwaji bai nuna roba ba. Abin da NAFDAC ta gano shi ne ƙwayoyin cuta fiye da kima a cikin shinkafar. Duk wadda ta taɓa ɗora tukunya ta san roba ba ta shan ruwa ta kumbura, narkewa take yi ta kama gindin tukunya.

Wanda ya fi shan ƙazafi shi ne farin magi. An ce yana kashe ƙoda, yana hana haihuwa, har da wai tunda yana cire tsatsa to haka yake yi wa hanji. Lemon tsami ma yana cire tsatsa, ba mu fasa matsa shi a kunu ba. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya fara tace sinadarin daga ciyawar teku a 1908. Yau ana yin sa ne ta hanyar ruɓar da ruwan rake ko sitacin rogo da masara, kusan yadda iyayenmu ke rufe kalwa ta zama daddawa. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana cikin tumatir, yana cikin daddawar kanta, yana cikin nonon uwa. Tsoron ya samo asali ne daga wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da cutarwa ba a gwargwadon da ake sawa a miya. Abin da ya taɓa faruwa da gaske shi ne na Indonesiya a 2001, inda majalisar malamai ta gano kamfanin Ajinomoto mai yin farin magi ya yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade wajen sarrafawa, aka janye kayan daga kasuwa, kamfanin ya sauya hanya. Wannan magana ce ta halal da haram, ba ta guba ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai abinci za ta murmushe dunƙule, ta ƙara farin magi, ta watsa gishiri, sannan ta jefa kanwa don wake ya yi saurin nuna ko karkashi ya yi yauƙi, alhali kanwar ita ma 'yar gidan gishiri ce, sodiyam ɗin nan da ke tayar da hawan jini yana da yawa a cikinta. Masu cewa wance da asiri take riƙe masu ciniki, su leƙa bayan rumfa su ƙirga bawon magi a ƙasa. Ni dai asirin da na gani ke nan.

Batun farasitamol a tukunyar nama kuwa ba ƙage ba ne. NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu jefa ƙwayar don ganda da naman tsohuwar saniya su yi laushi ba tare da ƙona itace da yawa ba, kuma maganin in ya yi yawa hanta yake ci. Haka jan rinin da ake kira Sudan, da wasu ke zuba wa manja don ya yi kyan gani, da sinadarin buromet da aka haramta sawa a burodi tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC. Duk suna faruwa. Cewa kowace mai abinci na yi, wannan zalunci ne.

Sai tushen akidar ɗan'uwan nawa, wai kakannin farko ba su san hatsi ba. A kogon Ngalue na Mozambik an samu ɓurɓushin sitacin dawar daji a kan kayan aikin dutse masu shekaru kusan 105,000. A nan kusa da Kwoi, mutanen Nok, ko da yake sun zo bayan zamanin da ake magana, gero da wake suka noma, kuma binciken da aka buga a 2021 ya gano kakin zuma a tukwanensu na kimanin shekaru 3,500. Rage sukari da kayan gwangwani abu ne mai kyau. Amma ban ga dalilin da ɗan Kudancin Kaduna zai juya wa acca baya saboda littafin wani Ba'amurke ba.

In kuma ya nace, aiki na gabansa. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli ake yi, taushe da gyaɗa, kilishi a labu ake tsoma shi, kifi a man gyaɗa ake soya shi, daddawa daga kalwa ko waken soya take. Abin da ya rage masa shi ne balangu ba yaji, gasasshen kifi, farfesu da dafaffen ƙwai. Sauran kuwa sai ya riƙa tambaya. Kafanchan, garin da kasuwar aladu ta Katsit ke ci duk Alhamis a gefensa, Musulminsa sun daɗe da iya tambaya kafin a zuba, masu sayarwa kuma sun saba amsawa ba tare da ɓacin rai ba.

Washegari ya gwada a wurin wata dattijuwa mai faten acca. "Mama, akwai gyaɗa a ciki?" Ta dube shi, ta dubi ludayinta. "Ɗana, fate ba gyaɗa ai ruwan zafi ne." Ya yi shiru, sannan ya ce a zuba masa rabin kwano.